Wace hasumiyar saƙar ƙarfe ce ta fi tsawo a duniya, kuma me ke riƙe da ita?

Tambaya, daga wani mai walda a Sakkwato: Assalamu alaikum. Hasumiyoyin nan na rediyo da na waya da ake saƙawa da ƙarfe, wacce ce ta fi tsawo a duniya, kuma me ya hana ta faɗuwa? A nan guguwar farkon damina takan kwantar da mas ɗin da bai kai mita 40 ba. An ba ni aikin mai mita 30, ina son sanin inda zan sa ido.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin a kama suna sai an raba hasumiyoyin nan gida uku, don galibin masu musu a kan wadda ta fi tsawo ba abu ɗaya suke aunawa ba. Akwai mai tsayawa da ƙafafunta, ba igiya. Akwai siririya wadda igiyoyin waya ke riƙe da ita ta ɓangare uku, ita ce ainihin mas. Sai wadda aka haɗa, saƙar ƙarfe a waje, ginshiƙin kankare a ciki.

A gida na farko, hasumiyar talabijin ta birnin Kiyef a Yukiren ce ta daɗe riƙe da kambu: mita 385, an gama ta a 1973. Ta Tashkent na biye da mita 375, an buɗe ta a 1985. Sai ta Harbin a ƙasar Sin mai mita 336, tsohuwar hasumiyar Tokiyo ta 1958 mai mita 333, da Eiffel ta Faris, wadda aka gama a 1889 kuma yau take mita 330 har da eriyar da ke kanta. Turakun wutar lantarki ma sun shigo sahu. Biyu da ke ƙetarar da waya a kan teku a tsibiran Zhoushan na Sin kowanne mita 380 ne, kuma a 2022 an gama wasu biyu masu mita 385 a kan kogin Yangtze. A gida na biyu, mas ɗin rediyon Warsaw a Polan ya kai mita 646 kafin ya faɗi, sai na tashar KVLY a Amurka da aka kafa a 1963 da tsawon kusan mita 629. A gida na uku kuwa, Skytree ta Tokiyo ce a gaba, mita 634, an buɗe ta a 2012, sai ta Canton a birnin Guangzhou mai kimanin mita 600.

Yanzu ka dubi nauyinsu. Ƙarfen Eiffel tan 7,300 ne. Tsohuwar ta Tokiyo, wadda ta fi ta tsawo lokacin da aka gina ta, kimanin tan 4,000. Ta Kiyef tan 2,700. Mas ɗin Warsaw mai mita 646 kuwa tan 420 kacal. Tsawo na ƙaruwa, ƙarfe na raguwa. Ashe ba yawan ƙarfe ke tsayar da hasumiya ba. Ɗaukar nauyin kanta ƙaramin aiki ne a wurinta. Abokiyar gabarta iska ce, kuma duk wata dabara da ka gani a jikin hasumiya, amsa ce ga iska.

Lissafin mai sauƙi ne. Ka ɗauki gudun iska, mita nawa take ci a daƙiƙa, ka buga shi sau kansa, ka raba da 16. Abin da ya fito shi ne kilo nawa take dannawa a kan kowane murabba'in mita. Iska mai mita 20 a daƙiƙa, kilo 25. Mai mita 40, wato kilomita 144 a awa, kilo 100. Gudu ya ninka sau biyu, dannawa ta ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa mas zai yi shekara uku lafiya lau, hunturu ya zo ya wuce, sannan guguwa ɗaya ta watan Mayu ko Yuni ta kwantar da shi cikin minti biyar. Ga shi kuma iska ta fi ƙarfi a sama fiye da ƙasa, inda gidaje da itatuwa ke rage mata gudu. Dalilin saƙa ke nan: a bar ƙofofi iska ta wuce, ƙarfen da take bugawa ya zama kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na fuskar hasumiyar. Siffar ƙarfen ma na da tasiri. Zagayayyen fayif kusan rabin iskar da ƙarfe mai kwana ke kamawa yake kamawa, shi ya sa manyan nan na Kiyef da Skytree da Zhoushan duk da fayif aka yi su. Ƙananan hasumiyoyin waya kuwa sun fi amfani da angul, wato ƙarfen nan mai kwana, don ya fi arha, ya fi sauƙin hudawa da ɗaurewa, kuma ana ganin ciki da wajensa idan tsatsa ta kama.

Idan iska ta turo, ƙafafun gefen da take fitowa sai su shiga ja, kamar za a tumɓuke su, na ɗaya gefen kuma su shiga danni. Ƙarfe gwanin jure ja ne. A danni yake ba da kunya, kuma ba murƙushewa yake ba, lanƙwashewa yake ta gefe. Ɗauki karan dawa mai tsawon gaba guda ka danna shi a ƙasa, nan take zai karkace. Yanko gaɓa ɗaya daga jikinsa ka danna da duk ƙarfinka, ba zai motsa ba. Kara ɗaya ne, tsawo ne ya bambanta. Masanin lissafi Euler ya fitar da ƙa'idar tun 1744: idan ka raba tsawon sanda biyu, nauyin da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe zai ninka sau huɗu. To aikin ƙananan ƙarafan da ke gicciye a jikin hasumiya ke nan. Wasu suna kai turin iska zuwa ƙafafu, wasu kuma ba su ɗauke da komai, aikinsu kawai su datse tsawon babbar ƙafa zuwa gajerun gaɓoɓi. Waɗannan na biyun su ne ake rainawa. Mai kafawa ya ga siriri ne ya ce ado ne, ya bar shi a ƙasa, ko ɓarawo ya kwance shi da dare ya kai wa 'yan gwangwan. Cire ɗaya daga gindin hasumiya na iya mayar da ƙarfin ƙafar nan zuwa rubu'i, alhali a ido hasumiyar tana nan tsaye ƙyam. Yawancin turakun wuta da ake jin sun faɗi bayan an sace musu ƙarafa, ta wannan hanya suke faɗuwa.

Tsarin tokarar iri-iri ne. Akwai mai gicciye biyu kamar harafin X, wanda ya dace da inda fuska ba ta da faɗi. Akwai mai siffar K, inda tokara biyu ke haɗuwa a tsakiyar ƙarfen kwance, shi ake sawa a gindin da ya buɗe sosai don kada tokarar kanta ta yi tsawon da za ta lanƙwashe. Akwai mai tafiyar maciji, tokara ɗaya dama ɗaya hagu, na ƙananan mas. Duk abu ɗaya suke nema, su mayar da kowane fili ya zama mai kusurwa uku, domin ita ce siffar da ba ta karkacewa sai an karya gefenta. Saboda haka ne hasumiya mai ƙafa huɗu take buƙatar wata tokara a kwance a cikinta, a wasu matakai, idan ba haka ba murabba'in zai murɗe. Mai ƙafa uku ba ta da wannan damuwa, kuma ƙarfen da take ci bai kai na mai ƙafa huɗu ba.

Kowace daga manyan nan da yadda ta bi da lamarin. Injiniyoyin Eiffel, Maurice Koechlin da Émile Nouguier, sun buɗe gindi har mita 125 kowane gefe, suka lanƙwasa ƙafafun bisa lissafin yadda turin iska ke taruwa daga sama zuwa ƙasa. An haɗa gutattaki 18,038 da kusoshin ribit miliyan 2.5, kuma duk bayan kimanin shekara bakwai sai an shafe ta da fenti tan 60, in ba haka ba da tuni tsatsa ta gama da ita. A Mosko, Vladimir Shukhov ya zo da wata hikima a 1922. Ya jera miƙaƙƙun ƙarafa a karkace, rabi dama rabi hagu, a tsakanin zobba, sai jikin ya fito da ƙugu alhali babu ƙarfe ɗaya da aka lanƙwasa. Mita 350 ya zana, ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi ya sa aka tsaya a ƙasa da rabin haka. Hawa shida ne, kowanne mita 25, ana haɗa na gaba a ƙasa a cikin na baya, a ja shi sama da kura da igiya. Wannan tunani ne hasumiyar Canton ta gada. Skytree kuwa girgizar ƙasa ce babbar damuwarta. Gindinta kusurwa uku ne, mita 68 kowane gefe, yana rikiɗa a hankali har ya zama da'ira a sama. Ginshiƙin kankaren da ke ciki ya kai mita 375, amma zuwa mita 125 kaɗai aka ɗaure shi da ƙarfen. Daga nan zuwa sama da na'urorin mai masu shanye jijjiga aka haɗa su, don idan ƙasa ta motsa kankare da ƙarfe su yi lilo a lokaci daban-daban, ɗaya ya rage wa ɗaya.

Ta Kiyef ce ta fi shafar sana'arka, don babu noti ko ribit a haɗinta, walda ce tun daga ƙasa har sama, da fasahar cibiyar walda ta Paton. Daga sama aka faro ta. Aka haɗa ƙololuwar a ƙasa, manyan jak suka ɗaga ta, aka walda sashe na gaba a ƙarƙashinta, aka sake ɗagawa, haka har aka gama, ba ƙugiya ba jirgi mai saukar ungulu. Ka lura da fa'idar: mai walda yana aiki kusa da ƙasa, inda za a iya duba ɗinkinsa da kyau. Ranar 1 ga Maris 2022 makami mai linzami na Rasha ya faɗa mata, mutum biyar suka rasu, amma hasumiyar ba ta faɗi ba. Kada wannan ya sa ka ce walda ta fi noti a ko'ina. Waldar da aka yi a sama, mutum na rataye, iska na kaɗa wuta, takan fito da ƙananan ramuka a ciki. Hasumiya kuwa kullum cikin lilo take, kuma a bakin ɗinki tsaga ke farawa, ta yi ta tafiya a hankali har ranar da za ta raba. A ganina ƙa'idar da ta dace da kai ita ce duk walda a shago, a kwance, duk haɗin sama kuma da noti. Ka nemi sandar walda E7018 don manyan haɗe-haɗe, a ajiye ta inda danshi ba ya taɓa ta. Noti mai lamba 8.8 a kansa, da washa, da abin da zai hana shi kwancewa, ko noti na biyu. A huda rami da dirila, ba a ƙona shi da wutar walda ba.

Sai harsashi, inda aka fi yin ha'inci don ba a ganinsa. Bari mu ɗauki misali. Hasumiya mai ƙafa huɗu, mita 60, gindi mita 6, nauyinta tan 12. A ce jimillar turin iska tan 10 ne, tsakiyarsa a mita 30. Tan 10 sau 30 ya ba da 300. Raba da faɗin gindi, 6, ka sami tan 50, ƙafa biyu su raba, 25 kowacce. Idan iskar ta zo ta kusurwa, ƙafa ɗaya ce za ta sha ja ita kaɗai: 300 a raba da mita 8.5, kimanin tan 35. Nauyin hasumiyar da ke kan ƙafar nan tan 3 ne kawai. Saura tan 32 na neman tumɓuke ta. Kankare mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tan 2.4 ne, wato sai ka zuba irinsa fiye da 13 a ƙarƙashin ƙafa ɗaya kafin ma a yi kunnen doki. Don haka ake haƙa rami mai zurfi, a shimfiɗa faffaɗan faifan kankare da rodi, a tayar da wuya daga kansa, a mayar da ƙasa a daddaɓe ta hawa hawa, nauyin ƙasar ya taimaka wurin dannewa. Wanda ya tura ƙasa kawai bai daɓe ba ya zubar da rabin harsashinsa. Ƙasar Sakkwato ma ba ɗaya ba ce. Marmarar kan tudu daban, laka da yashin fadamar Rima daban, inda ruwa ke tasowa da damina ya rage wa kankare da ƙasa nauyi. Sai an gwada ƙasar wurin. A bar kankare ya sha ruwa aƙalla mako guda, a rufe shi daga rana, kuma ƙarfinsa na lissafi sai ya kwana 28.

Mas mai igiya ya fi arha nesa ba kusa ba, amma ransa na hannun kowace igiya. Na Warsaw, mai kusurwa uku da faɗin mita 4.8, igiyoyi hawa biyar ke riƙe da shi. Ya tsaya daga 1974 har ranar 8 ga Agusta 1991, ya faɗi ana cikin aikin canza masa igiya ta sama. Ba a kwance igiya sai an ɗaura ta wucin gadi an ja ta, kuma ba a yin wannan aiki ranar da ake iska.

Naka mai mita 30, in mai igiya ne, da fuskar santimita 30 zuwa 45, abin da aka saba shi ne igiya hawa uku, kusan kowace mita 9 zuwa 10, ta ɓangare uku da digiri 120 a tsakaninsu, turakun ɗauri kuma a nisan kashi 80 cikin 100 na tsawon, wato mita 24 daga gindi. Nan matsalar cikin gari take. Fulotin ƙafa 50 da 100 bai wuce mita 15 da 30 ba, ba zai ɗauka ba. Sai ka ga an matso da ɗaurin zuwa mita 8, ko an ɗaura a katangar maƙwabci. Ga abin da hakan ke jawowa. A nisan mita 24, duk kilo 100 na turin iska a ƙololuwa yana zama kilo 160 a igiya, da kilo 125 na danni a jikin mas. A nisan mita 8, ya zama kilo 390 a igiya, da 375 na danni. Igiya ta tsinke, ko bulo ya fita daga katanga, ko mas ya durƙushe a tsakiya. In fili bai isa ba, ka gaya wa mai aikin gaskiya: mai tsayawa da ƙafafunta zai yi, ko ya rage tsawo. A ja igiya zuwa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin tsinkewarta. Ta yi sako-sako mas ya riƙa fizga, ta yi tsauri ta danne shi. Kilif aƙalla uku a kowane baki, lanƙwasasshen ƙarfen kilif ɗin a kan guntun wutsiyar, sirdinsa a kan igiyar da ke ɗauke da nauyi.

Zafin garin nan ma a sa shi a lissafi. Ƙarfe mai mita 100 yana ƙaruwa da milimita 12 duk digiri 10. Gefen da rana ke bugawa ya fi miƙewa, shi ya sa kan Eiffel ke kauce wa rana har santimita 18. Da sassafe ake auna miƙewar mas da jan igiya, ba da azahar ɗin Afrilu ba. Karkatar da ake yafewa ba ta wuce ɗaya cikin 400, wato santimita 7.5 a mita 30.

Bushewar iskarmu na rage tsatsa idan aka kwatanta da Legas, amma ka durƙusa a gindin tsohon mas ka duba. Ƙurar hunturu ta cika kwanar angul, ruwan farko ya mayar da ita taɓo, ta kwanta a kan farantin gindi da notocin harsashi. Ka kankare da sukundireba, za ka ga ƙarfen na ɓarewa falle falle. Ƙafar fayif da ba a yi wa ramin fitar ruwa ba, daga ciki take ci, waje na sheƙi. Maganin shi ne wuyan kankare ya ɗara ƙasa da kamar santimita 15 zuwa 30, samansa da ɗan gangare, ƙarfen kuma a tsoma shi a narkakken zin, wato tutiya, mai zafin kusan digiri 450 bayan an gama walda da huda. Walda a kan ƙarfen da aka riga aka tsoma tana ƙone rigar, hayaƙinta kuma na cutar da ƙirji.

Abin da ya fi kashe ƙananan mas a garuruwanmu shi ne kayan da ake ƙara musu daga baya. An yi shi don eriya biyu, bayan shekara an rataya faranti mai faɗin mita 1.2, an ƙara faifan sola, an jera wayoyi a fuska ɗaya sun toshe ƙofofin iska. Farantin nan kaɗai ya fi murabba'in mita ɗaya, a guguwa fiye da kilo 100 ne a can ƙololuwa, kuma da yake a gefe yake, murɗa mas ɗin yake yi. Ka sa mai aikin ya rubuta abin da zai hau, injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya, ya yi lissafi da zane a kan haka, kai kuma ka bi zanen, kaurin ƙarfe da girman noti, ba sauyi. A nemi izinin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, game da tsawo, musamman a ɓangaren filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, da ƙa'idojin hukumar sadarwa ta NCC in na sadarwa ne. Fenti ja da fari, jan a sama da ƙasa, da jar fitila a kai. Sandar kama tsawa ta ɗara komai tsawo, a sauko da ita da jan ƙarfe zuwa sandunan da aka binne, a auna da rani lokacin da ƙasa ta bushe, a nemi ma'aunin turjiyar lantarki ya nuna ƙasa da om 10.

Dubawa kuwa sau biyu ce ba fashi: a Afrilu kafin hadari ya fara haɗowa, da bayan kowace babbar guguwa. A bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifana, a ƙirga tokara a gwada da zane, a duba bakin kowane ɗinki, a tona gindin turakun ɗauri kamar taƙi guda a ga ko sandar ta sirance a inda ta shiga ƙasa. Mai hawa ya sa bel mai ƙugiya biyu, ɗaya na maƙale kafin ya cire ɗaya, kuma da an ga hadari ya taso daga gabas a sauko.